Daga Ƙofar Ƙaura Zuwa Gottingen: Yadda Na Samu Wurin Zama a Jamus

Tun da na zo hutu gida Katsina, duk wanda ya zo gaishe ni cikin ƙannenmu malamai da ɗalibai tambayarsa ba ta wuce biyu: yaya ake samun gurbin karatu, yaya kuma ake samun biza. Har yau ba wanda ya tambaye ni inda mutum zai kwana idan ya sauka. Ni kuwa gurbin da bizar duka ba su sha mini kai kamar yadda neman ɗaki ya yi ba, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta yadda abin ya kasance.

A ƙarshen watan Satumba na 2022 na tafi, da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, domin yin digiri na uku a fannin noma. Daga Abuja jirgi ya sauke ni a Frankfurt, daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Gottingen cikin kamar awa biyu. Gari ne ƙarami a jihar Lower Saxony, mutanensa kimanin 120,000, kuma jami'ar da aka buɗe tun 1737 ita ce ran garin. Kusan duk wanda ka yi karo da shi a kan keke ɗalibi ne ko ma'aikacin jami'a. A nan matsalar take. Zangon karatu na hunturu yana farawa ne a watan Oktoba, dubban sababbin ɗalibai su kwararo a lokaci guda, daga sauran sassan Jamus da ƙasashen duniya, kowa yana neman ɗaki a ɗan ƙaramin garin nan.

A Katsina, idan kana neman haya, mutum kake nema. Ka gaya wa abokinka a majalisa, shi ya haɗa ka da dillali, a zaga da kai Sabuwar Unguwa ko Layout, ka ga wanda ya yi maka. Mai gida ya tambayi ɗan wane ne kai, wa ya san ka, kana da iyali ko gwauro ne. A yi ciniki, ka biya kuɗin shekara, ka ba dillali la'adarsa, a miƙa maka makulli. In ma ba ka samu da wuri ba, ba za ka rasa shagon wani ɗan'uwa da za ka raɓa ba, kuma babu hukumar da za ta tambaye ka a ina kake kwana. A Jamus kuwa hukuma tana tambaya, kuma duk sauran al'amuranka a kan amsar suke rataye.

Tun ina gida na cike takardar neman ɗaki a gidajen kwanan ɗalibai na hukumar kula da walwalar ɗalibai, wadda a lokacin ake kira Studentenwerk. Su ne mafi araha, don haka layinsu ne mafi tsawo. Suka amsa mini da cewa sunana ya shiga jerin masu jira. Duk mai niyyar tafiya, ranar da ya samu takardar gurbi ya cike wannan, kada ya jira biza ta fito.

A wannan tsakanin ne wani ya turo mini saƙo bayan na sa cigiya a wani shafin intanet. Hotunan ɗaki tsaf, a tsakiyar gari, kuɗi kaɗan. Ya ce shi aiki ya kai shi wata ƙasa, ba zai samu zuwa ya nuna mini ba, amma in tura kuɗin ajiya da na wata ɗaya tare da hoton fasfona, zai aiko da makulli. Yayana da na nuna wa ya ce, “Kai dai bi a hankali. Ko a nan Katsina wa ya taɓa biyan kuɗin gidan da bai taka ƙafarsa ciki ba?” Na tura wa wani ɗan Ghana da ya riga ni shiga sashenmu, ya ce wannan tsohuwar damfara ce da ake yi wa sababbin ɗalibai duk shekara, hotunan ma na gidan wani ne aka kwaso. Abin yana ci mini rai har yanzu idan na tuna cewa akwai yaran da iyayensu suka sayar da gona ko fili, kuɗin ya ƙare a hannun irin waɗannan. Kada ka tura ko sisi, kada ka tura hoton fasfo, sai kai ko wanda ka amince da shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa.

Da na sauka, wannan ɗan Ghana ne ya samo mini ɗakin wata ɗaliba da ta tafi aikin bincike na ɗan lokaci, ta bar kayanta a ciki. Wurin kwana ya samu, amma mai gidan bai yarda a yi rajista da adireshin ba. A nan na fara fahimtar yadda ƙasar take tafiya. Doka ta ce duk wanda ya tare a gida ya je ofishin hukumar gari cikin mako biyu ya yi rajistar adireshinsa, abin da kowa ke kira Anmeldung. Tun watan Nuwamba na 2015 kuma ba a yin wannan rajista sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai ka tare a gidansa. Sai da rajistar za a aiko maka da lambar haraji. Yawancin bankuna sai da ita suke buɗe maka asusu. Ofishin baƙi ma sai ya ga adireshinka kafin ya mayar da bizarka ta 'yan watanni zuwa izinin zama. Ga tallafina yana jiran asusun banki, asusu yana jiran rajista, rajista tana jiran sa hannun mai gida, masu gidaje kuma suna so su ga asusun da za a riƙa biyan haya daga ciki. Wani ya ba ni shawarar in nemi wanda zai ara mini adireshinsa. Na ƙi, kuma ina roƙon kowa ya ƙi: tarar bayar da adireshin bogi tana iya kaiwa Yuro 50,000, ga kuma jefa izinin zamanka cikin haɗari a kan abin da haƙuri zai warware.

Ɗalibai da yawa a can gidan haɗaka suke zama, wanda suke kira WG. Mutum uku ko huɗu su kama gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Akwai shafin WG-Gesucht da ake tallata irin waɗannan ɗakuna. Ba mai gida ne ke zaɓen sabon shiga ba, mazauna gidan ne, kuma sai sun gayyace ka sun yi maka tambayoyi. Na je irin wannan zama a wani gida kusa da tsakiyar gari. Saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, muka zauna a teburin kicin, aka ba ni shayi. A jikin firji an manna takardar rabon shara da wanke banɗaki, mako-mako, da sunan kowa. A bayan ƙofa akwatunan kwalaben giya ne a jere. Suka tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, ina yawan baƙi, ina girki, ina son a riƙa cin abinci tare ranar Lahadi. Na gaya musu gaskiya: ina tashi sallar asuba, ba na shan giya, ba na cin naman alade, kuma zan so in ware tukunyata. Ba su nuna mini wani ƙyama ba, ɗayarsu ma ta yi ta tambayata game da azumi. Amma ina saukowa daga benen na san ko sun zaɓe ni ba zan iya ba. Magidanci ne ni, na bar mata da yara a Katsina, ba zan haɗa banɗaki da matan da ba muharramaina ba. Na san 'yan'uwa Musulmi da suka zauna a irin waɗannan gidaje lafiya lau, musamman inda maza ne zalla, kuma sun fi mu saurin iya Jamusanci. Kowa ya san abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Abin da nake cewa shi ne mutum ya yanke wannan shawara tun yana gida, domin ita ce za ta nuna yawan kuɗin da zai tanada.

Sai na koma neman ɗan ƙaramin gida na ni kaɗai. A nan ne na ga layi. Ranar da aka sa don duba wani gida a unguwar Grone, tun daga ƙofar shiga har hawa na biyu mutane ne a tsaye a kan matakala, kowa rungume da fayil. Ana shiga kaɗan-kaɗan, a leƙa, a miƙa fayil, a fito. A cikin fayil ɗin akwai shaidar albashi ta watannin baya, da takardar Schufa, wato kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, da kuma wasiƙar tsohon mai gida cewa ba ya bin ka kuɗin haya. Ni da na fito daga gidan gado a Ƙofar Ƙaura, wa zai rubuta mini wannan wasiƙa? Schufa kuwa ba ta san da ni ba, tun da ko asusu ban buɗe ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa maka a fuska. Saƙonni da yawa da na aika ko amsa ba a yi ba. Ba zan rantse cewa sunana ne dalili a kowane ɗaya ba, domin Jamusawan ma suna kuka da ƙarancin gidaje. Amma a 2017 'yan jaridar gidan rediyon jihar Bavaria da na mujallar Spiegel sun gwada: suka aika dubban takardun neman haya iri ɗaya da sunaye daban-daban, suka tarar masu sunayen Larabawa da Turkawa sun fi fuskantar shiru. Dokar ƙasar ta 2006 ta haramta irin wannan wariya, sai dai wanda bai amsa maka ba, da me za ka kama shi? Abin da ya ɗan taimaka mini shi ne rubuta saƙon da Jamusanci, wanda sakatariyar sashenmu ta gyara mini, da ambaton tun a layin farko cewa ɗalibin digiri na uku ne ni mai tallafi tabbatacce, ba na shan taba.

A kwanakin nan duk daren da na kira gida, Hajiya tambayarta ɗaya: “To, an samu ɗakin?” In ce, “Ana dai nema, Hajiya.” Ta ce, “Allah shi kawo na alheri. Ka dai riƙa tambayar mutane, matambayi ba ya ɓata. Garin babu masallaci ne?”

Ta hanyar masallacin kuwa aka samu. Bayan sallar Juma'a na gaisa da wani dattijo Baturke da muke yawan haɗuwa a sahu, na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce akwai wata tsohuwa Bajamushiya a unguwar Weende da yake yi wa gyare-gyare, ɗalibin da ke saman gidanta ya kammala zai tashi, kuma ita ba ta sa talla a intanet, ta fi son wanda wani ya sani. Ya kira ta a gabana. Shugaban bincikena ya rubuta mini wasiƙa a takardar jami'a, na haɗa da takardar tallafi, su suka tsaya a madadin duk abin da ba ni da shi.

Matar ta zaunar da ni a falonta ta bi yarjejeniyar da ni layi-layi, da yatsa. Kuɗin haya kashi biyu ne. Akwai na ɗakin zalla, wanda suke kira haya mai sanyi, sai a ɗora na ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara, jimillar ta zama haya mai ɗumi. Wutar lantarki da intanet kai za ka nemi kamfani da kanka. Wanda ya dubi adadin farko kawai ya yi lissafi, zai sha mamaki a ƙarshen wata. Ƙarin ma kintace ne: a ƙarshen shekara ake duba abin da ka ƙona, ko a mayar maka da rara ko ka cika. Kuɗin ajiya doka ta ce kada ya wuce hayar wata uku mai sanyi, kuma kana da damar biya sau uku, abin da ya cece ni a lokacin. La'adar dillali kuwa, tun 2015 wanda ya ɗauko dillalin shi ke biyansa, kuma galibi mai gida ne. Wata-wata ake biyan haya, ta banki, a farkon wata.

Ranar karɓar makulli muka hau tare, tana riƙe da takarda da biro. Ta rubuta lambar da ke kan mitar wuta, ta ƙirga makullai, ta nuna mini wani ɗan karce a jikin ƙofar banɗaki ta rubuta shi, ta ce ni ma in duba ko'ina in faɗi abin da na gani. Na durƙusa na ga wani tabo a katakon ƙasa kusa da taga, aka ƙara. Muka sa hannu mu biyu, na ɗauki hotuna. Wannan takarda ita ce shaidarka ranar da za ka tashi. Duk abin da ba ya cikinta, daga kuɗin ajiyarka za a cire. Ta kuma ja mini kunne a kan makullin ƙofar waje, ta ce idan ya ɓata dukkan kwaɗon gidan za a canja. A ranar na yi inshorar da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani, 'yan Yuro kaɗan a wata.

Ɗakin fayau yake. A silin wayoyi biyu ne kawai suke reto, ko ƙwan fitila babu. Na ci sa'a akwai ɗan kicin, domin gidaje da yawa a can mai tashi yana kwance kicin ɗinsa ya tafi da shi, har da wurin wanke-wanke. Gado da tebur na hannu na saya a wurin ɗaliban da ke barin gari, kujera kuwa a bakin titi na ɗauka, an manna mata takarda cewa kyauta ce.

Rajistar da ta hana ni barci ba ta ɗauki wani lokaci ba da na je babban ofishin hukumar gari da takardar mai gida da fasfo. Kafin in tafi tsohuwar ta sa na rubuta sunan mahaifina a ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙu, domin mai kai wasiƙa da suna yake aiki; in bai ga sunanka ba, takardar ta koma. Jamus kuma ƙasar wasiƙa ce. Lambar haraji, katin banki, lambar sirrinsa a ambulan daban, katin inshorar lafiya, duk ta akwatin nan suka zo. Har da takardar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da shi. Kada ka jefar da ita don ba ka gane abin da ta ce ba. Bashin taruwa yake yi.

Hunturun farko ya zo daidai da tsadar iskar gas saboda yaƙin Rasha da Ukraine, har gwamnati ta ce kada a ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19. Mu da muka saba da sanyin Disamba na Katsina, wanda rana na ɗagowa yake sakin mutum, wannan wani abu ne daban. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu da rabi an yi magariba. Jiki yana ce maka ka rufe ko'ina ruf ka murɗa abin ɗumama ɗaki har ƙarshe. Mai gidan ta hau ta nuna mini akasin haka: safe da yamma a buɗe tagogi gaba ɗaya na 'yan mintoci, a rufe. In ba haka ba danshi ya taru, bango ya yi baƙin fumfuna, kuma ɗan haya ake ɗora wa laifi. Mu masu alwala da buta sai mun ƙara kula, domin banɗakunansu da yawa ba su da magudanar ruwa a ƙasa. Na koma yin alwala a wurin wanka, ina goge ƙasa duk lokacin da na gama.

Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne, haka ma yinin Lahadi, ranar da kantuna ke rufe. Na daina kiran gida da murya sama bayan isha'i, karatun asuba ma a hankali. Shara kashi-kashi ake zubarwa, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, kwalaben roba kuma a mayar kanti a karɓi santi 25 a kan kowace. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka da daddawar da maiɗakina ta ƙulla mini, ƙamshin ya cika matakala. Na buɗe taga, na kuma zuba a kwano na kai wa tsohuwar tare da tuwon semo. Ta ci kaɗan, ta tambayi sunan bishiyar, washegari ta nuna mini hoton kuka a wani littafinta. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji duk na shiga da su, amma kilishi a Katsina na bar shi, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara.

Da na zo ɗauko iyali, sai maganar gida ta dawo sabuwa. Ofishin baƙi yana duba kuɗin shigarka da inshorar lafiya, yana kuma duba faɗin gidan. Ma'aunin da aka saba bi shi ne murabba'in mita 12 ga duk wanda ya haura shekara shida, 10 ga wanda bai kai ba, jaririn da bai cika shekara biyu ba kuma ba a ƙirga shi. Ɗakina na Weende bai isa ba. Wannan karon neman ya zo da sauƙi, domin ina da asusu, Schufa ta san ni, tsohuwar kuma ta rubuta mini wasiƙar cewa ban taɓa jinkirta haya ba. Na faɗaɗa neman zuwa garuruwan gefe irin su Bovenden da Rosdorf, inda haya ta fi sauƙi kuma bas yana zuwa, a Rosdorf ɗin aka dace.

Ɗan haya sai ya ba da sanarwar wata uku a rubuce, da sa hannunsa a takarda, kafin ya tashi. Saƙon waya ba ya wadatarwa. Don kada in biya haya biyu, na kawo mata wani ɗalibi ɗan Sudan da muke salla tare, ta zauna da shi kamar yadda ta zauna da ni, ta amince ya gaje ni. Muka fito da tsohuwar takardar nan muka bi ɗakin da ita, karcen ƙofa da tabon katako suna nan yadda aka rubuta su. Ta riƙe wani ɓangare na kuɗin ajiya har lissafin ɗumama ɗaki na shekarar ya fito, sannan ta turo mini ragowar ta banki. Maiɗakina da yara suka iso bayan an kammala takardunsu, washegari muka ɗunguma zuwa ofishin hukumar Rosdorf aka yi musu tasu rajistar, babban kuma aka sa shi makarantar firamare ta unguwar.